Igiyar Tsayar da Adelaide

A Marlden ta ƙasar Lancashire, a shekarun da hayaƙin kwal ba ya barin mu ga rana sosai sai ran Lahadi, babu macen da ake shakka kamar Adelaide. Ba mutum ba ce kuwa. Babban injin tururi ne da ke juya masaƙar Mista Pilling tun daga ƙasa har hawan sama. Ranar da aka fara kunna shi aka raɗa masa sunan uwar mai masaƙar, da fasto da addu'a da fasa kwalba, kamar yadda ake yi wa kowane babban inji a wajenmu, daga ranar kuma ba wanda ya sake ce masa "shi". Idan Adelaide ta tashi gari ya tashi, idan ta tsaya da tsakar rana gari ya ci abinci. Mutum ɗaya ne tak yake da ikon ɗora hannu a kan makullin tururinta, wato Eli Duckworth, dattijo mai farin gemu da baƙin rai, wanda ke goge tagullarta har ka ga fuskarka a ciki, yake kuma yawo a ɗakinta da silifas na yadi don kada ya ɓata mata daɓe. Shi kansa Mista Pilling sai ya ƙwanƙwasa kafin ya shiga.

Enoch Thwaite ya taso a layin gidajen da ke bayan masaƙar, a hannun yayarsa Keziah, wadda ta riƙe shi bayan rasuwar iyayensu. Ita tana saƙa a hawan sama, shi yana bin injina da gwangwanin mai. Ɗakin saƙa ba wurin magana ba ne. Ƙara ta kurmantar da rabin matan garin, shi ya sa da leɓe suke hira, har gulma takan ƙetare ɗakin daga bango zuwa bango ba a ji ko tari ba. A jikin rufi sandunan ƙarfe ke juyawa, daga su ne bel na fata ke saukowa kan kowane injin saƙa.

Wata Talata bel ya kama hannun rigar Keziah. Matan suka yi abin da aka saba yi. Wannan ta faɗa wa waccan da leɓe, waccan ta faɗa wa ta gaba, har maganar ta isa bakin ƙofa inda Enoch ke tsaye. Ya yar da gwangwanin ya zura a guje. Ya sauka matakala, ya ratsa ɗakin auduga, ya keta tsakar masaƙar cikin ruwan sama, takalmin katakonsa ɗaya ya fice bai waiwaya ba, ya banke ƙofar Eli. Eli ya rufe tururi nan take, ba wanda zai ce ya yi nawa. Amma babbar ƙafar Adelaide, wato ƙatuwar tayar ƙarfen da ke juya komai, ba ta san gaggawa ba, sai da ta yi ta juyi abinta kafin ta ga dama ta tsaya. Keziah ta rayu. Hannunta na dama, daga gwiwa zuwa ƙasa, bai fito tare da ita ba.

Kowa ya ce Enoch ya yi gudu iya gudu. Shi kuwa abin da ya sani kawai shi ne bai isa da wuri ba, kuma abin ya zauna masa a rai daram. Ya tafi Manchester ya koyi aikin ƙarfe, ya dawo injiniya da doguwar hula da sarƙar agogo, ya buɗe shago a gindin gada. Allah ya ba shi kai, wannan ko maƙiyinsa ba ya musu. Shi ya ƙera ɗan kofin da ke ɗiga wa inji mai da kansa, wanda yanzu ba masaƙar da ba ta da shi a kwarin nan. Shi ya yi fankar da ke zuƙe ƙurar auduga. Ya yi wa mai wanki injin matse kaya, ya yi wa coci abin hura iska a babban abin kiɗansu mai bututu da ƙarfin ruwan rafi, har mai hurawa da hannu ya daina gaishe shi.

Amma mafi yawan ƙere-ƙerensa a kicin ɗin Keziah suke ƙarewa. Akwai katako mai ƙusoshi da ke riƙe burodi a yanka da hannu ɗaya, akwai abin zura zare a allura, akwai tsintsiya mai maɗauri. Wasu sun yi amfani, wasu kuwa sai hamdala da ba su kashe kowa ba.

"Yaya, gwada wannan ki gani."

"Mene ne kuma yau?"

"Abin fere dankali ne. Ki taka nan da ƙafa kawai."

Ta taka. Dankalin ya yi juyi biyu, ya yi tsalle ya fice ta taga, sai ihun kyanwar maƙwabta suka ji.

"Madalla," in ji Keziah. "Ka ƙera mini abin jifan maƙwabta. Dama Misis Nuttall ta daɗe tana ba ni haushi. Zauna ka sha shayinka kafin ka rushe mini gida."

Haka take, bakinta ya fi wuƙar burodin kaifi. Tana gasa fanken nama tana sayarwa, hannun rigar dama a naɗe an soke da fil, kuma ba ta yarda a tausaya mata ko da ido. Abu ɗaya ne kowa ya lura da shi ba wanda ya taɓa furtawa: shekara ashirin da 'yan kai ba ta sake bin layin masaƙar ba. In za ta kasuwa sai ta zagaya ta bayan maƙabarta, ko da ana tsuga ruwa.

Duk waɗancan ƙere-ƙeren wasa ne a wurin Enoch. Abin da yake so tun ranar Talatar nan shi ne a daina gudu. Ya ɓata shekaru a kai kafin ya dace. Ya ja waya ta bi kowane ɗaki na masaƙar ta jikin rufi, daga wayar jajayen igiyoyi suka sauko tsakanin injinan saƙa, daidai inda hannun mace zai kai. In aka ja ko wacce, wata sakata za ta fice a ɗakin Adelaide, wani ƙaton ƙarfe mai nauyi ya faɗo, ya datse tururi, ya kuma danna katakon birki a jikin babbar ƙafar. Ba saƙo, ba matakala, ba tsakar gida.

Mista Pilling ya yarda a saka ne don Enoch ya ce ba zai karɓi ko kwabo ba sai an ga amfaninta. Eli Duckworth ne ya tayar da jijiyar wuya.

"Wato kowace 'yar ƙauye mai ƙazamin hannu za ta tsayar mini da Adelaide daga inda take? Ni kuma in zauna in yi me, saƙar safa?"

"Ba wanda zai taɓa ta, Mista Duckworth. Igiya za su taɓa."

"Yaro, tun kana yawo da majina nake kwana da tashi da matar nan. In ka fasa mata wani abu, da wannan sifana zan fasa maka kai, da hular taka da komai."

Aka yi aikin a satin hutun shekara, lokacin da ake kashe wutar tukwanen tururi gari ya kwashe zuwa bakin teku. Da aka sake hura wuta, kafin ma'aikata su dawo, aka gwada. Enoch ya tsaya a hawan sama, a daidai inda injin Keziah yake a da, ya ja. Aka ji wani gum daga ƙasa, sandunan rufi suka yi sanyi, kafin Mista Pilling ya gama ciro agogonsa daga aljihu komai ya tsaya cik. Enoch ya ji daɗin da bai taɓa ji ba a rayuwarsa. Ya koma gida yana fito a titi kamar wanda ya sha ya bugu.

Ran Litinin Mista Pilling ya tara matan ya nuna musu igiyoyin, ya ƙara da cewa duk wadda ta ja ba dalili, albashin satinta ya tafi. Enoch bai damu da wannan ba. A ganinsa wanda ya ga mutum a cikin bel ba zai tsaya tunanin albashi ba. Injiniya ne dai, ƙarfe ya sani.

Ba a yi wata biyu ba bel ya kama falmaran ɗin Absalom Tattersall, mai gyaran bel ɗin kansa. Ya ɗaga shi sama ƙafafunsa na reto. Abin da ya cece shi rowarsa ce, don falmaran ɗin ta kakansa ce, ta ruɓe, sai ta yage ya faɗo kan tarin yadi ya karya ƙashin kafaɗa. Jar igiya kuwa tana nan tana lilo a kan mata uku, ba wadda ta ja. Da leɓe suka aika saƙo zuwa ƙofa, wani ya kwasa a guje ya sauka matakala ya keta tsakar gida, kamar dai Enoch bai taɓa ƙera komai ba.

Da labarin ya same shi bai ko cire rigar aiki ba. Ya tare Hephzibah Nuttall a bakin ƙofar masaƙar lokacin tashi, don an ce ita ce a ƙarƙashin igiyar.

"Misis Nuttall, ba ki gan ta ba ne?"

"Na gan ta mana, Mista Thwaite, makauniya ce ni? Har na ɗaga hannu, na rantse maka."

"To me ya hana?"

"Haba, ni in tsayar da Adelaide? Ni wa? Uwata ta yi saƙa a ɗakin nan har ta kurmance, ba ta taɓa jin an ce mace ta tsayar da ita ba. Kuma in na ja, injin kowa ya tsaya, alhali da yawan yadin da muka saƙa ake biyanmu. In ashe ya sauko da kansa fa? Ɗaki guda su zuba mini ido, a ce Hephzibah ta cire wa yaran mutane burodi a baki, ga Eli da sifana, ga albashina ya tafi? Sai na ce Dorcas da ke kusa da ni za ta ja. Ita kuma Dorcas ashe ni take jira."

"Mutum na reto a kanku!"

"Ai mun aika a faɗa wa Eli," in ji ta, har da ɗan fushinta, don a ganinta ta yi abin da duk 'yar mutunci za ta yi.

Mista Pilling bai ja magana ba. Ya ce igiyar da ba a ja lokacin da ake bukata igiyar shanya ce, kuma wata rana in an yi rigimar albashi wani ɗan iska zai ja ta don keta. Ya ce ran Asabar bayan tashi Enoch ya zo ya kwashe kayansa.

Enoch ya koma ga abin da ya iya. Ya baje zane a teburin kicin yana ta gunaguni. Ko igiyar ta yi sama da yawa ne? Ko a ƙara mata kauri, a ɗaura mata ƙwallon katako? Ko a yi mata fenti mai haske? Keziah tana murza ƙullu da hannu ɗaya tana kallonsa har ta gaji.

"Ɗauke mini takardun nan kafin in gasa su. Ƙarfenka lafiyarsa ƙalau, Enoch. Hannun da zai ja ne ba ka ƙera ba."

"Wawaye ne kawai."

"Kul. Ba wawaye ba ne. Ni ma da ina wurin ba zan ja ba."

Ya ɗago ya dube ta. "Ke, Yaya? Ko da ni ne a bel ɗin?"

"Ko da kai ne. Da na yi ta ihu da leɓe har bakina ya tsage, in sa wani ya yi gudu. Haka muka tarar, haka muka tashi. Mace ba ta yin abin da ba ta taɓa ganin maƙwabciyarta ta yi ba, balle cikin firgita."

Maganar ta yi masa ciwo ƙwarai, don ya san gaskiya ce, kuma ba shi da sukurun da zai ɗaure ta da shi. Ya tattara takardunsa ya fita ko shayin bai sha ba.

Ran Juma'a gab da tsakar rana ya tafi masaƙar da tsani, don ya duba ta inda zai fara kwancewa gobe. Yana saman tsanin a ɗakin saƙa, ƙara ta cika masa kai, sai ya ga leɓunan mata suna motsi daga bakin ƙofa, maganar na tahowa layi layi, kawuna na juyawa. Ya bi idonsu. Keziah ce, da hular zuwa coci da baƙin mayafinta na Lahadi, tana tahowa tsakanin injina a hankali. Fuskarta ta yi fari fat, kuma ya ga tana kauce wa kowane bel fiye da yadda ake bukata. Tsoro take ji, tsoro sosai, amma ba ta tsaya ba sai da ta kai inda injinta yake a da. Yarinyar da ke wurin ta matsa mata. Keziah ta yaye mayafin don kowa ya ga hannun rigar da fil ɗinsa, ta duba hagu ta duba dama har ta tabbata duk suna kallo, sannan ta ɗaga hannun hagu ta finciko igiyar.

Gum! Sandunan suka yi sanyi, bel suka saki jiki, injinan saƙa suka yi 'yan ƙyaf-ƙyaf suka mutu. Shirun da ya biyo baya har kunne yake toshewa. Wata mata ta dafe ƙirji, wata ta fara addu'a.

"To, ga shi na ja," in ji Keziah, da ƙarfi irin na kurame. "Wa ya mutu? Hephzibah, duba sama, rufin ya faɗo? Dorcas, rufe bakinki kada ƙuda ya shiga. Igiya ce, ko ta rijiya ta fi ta nauyi. Da akwai ta a ranar nan, da kuma an samu mai zuciyar ja a cikinku, da yau da hannu biyu zan ja kunnuwanku."

Sai ga ƙarar matakala. Mista Pilling ne a gaba, da adikon cin abinci a wuya, bayansa Eli Duckworth da sifana, silifas ɗinsa na yadi sun jiƙe sharkaf da taɓon tsakar gida. Tun da aka san Eli ba a taɓa ganin silifas ɗin nan a waje ba.

"Wa aka kama? Ina yake?" in ji Mista Pilling yana haki. Da ya ga ba kowa a bel sai ya kumbura. "Wace ce ta ja?"

"Ni ce, Yallaɓai."

"Keziah Thwaite! Kin san doka kuwa? Albashin sati!"

"Yanke, Yallaɓai. Yana can inda masaƙarka ta ajiye mini hannuna, sai ka haɗa ka ɗauka."

Wata ta yi dariya ta maza ta mayar da ita tari. Mista Pilling ya juya kan Enoch, wanda ya sauko daga tsani yana tsaye kamar an dasa shi.

"Thwaite, ba sai gobe ba. Yau za ka kwashe."

A daidai nan agogon coci ya fara buga sha biyu. Matan suka dubi juna, don ba wadda ta taɓa jin bugun farko daga cikin ɗakin nan. Kullum sai ya yi nisa Eli ke rufe tururi. Enoch ya saurara, ya ga hannuwa sun fara laluben ƙunshin abinci a ƙarƙashin injina ba tare da an ce musu komai ba, don jiki ya saba. Sai abin ya faɗo masa gaba ɗaya, yadda zanen inji kan faɗo masa wani lokaci yana tsakiyar aski.

"Yallaɓai, kullum da sha biyu Adelaide tana tsayawa, ko ba haka ba?"

"Sai ka faɗa mini?"

"To su riƙa tsayar da ita. Yau wannan, gobe waccan, layi layi har a zagaye ɗakin a sake. Ba za ka yi asarar ko taƙi ɗaya na yadi ba, tun da dama lokacin cin abinci ne. Kullum za a gwada wayar a san tana aiki. Kuma kafin shekara ta zagayo babu hannu a ɗakin nan da bai san nauyin igiyar ba."

Mista Pilling ya juya abin a ransa. Shi mutum ne mai ƙaunar duk abin da ba a biya, amma ya san ba shi ke da ta cewa ba. Ya saci kallon Eli, kowa ma Eli yake kallo. Tsayar da Adelaide da tsakar rana shi ne sarautarsa, shi ne abin da ya sa ake cire masa hula a titi.

Eli bai dubi kowa ba sai hannun rigar Keziah. Ya daɗe yana kallo, gemunsa na motsi.

"Ranar nan," in ji shi, "da yaron nan ya banko mini ƙofa, na rufe makullin kafin ya gama magana. Tun daga ranar kullum sai na sake rufe shi a raina, ban taɓa rufe shi da wuri ba." Ya ja hanci da ƙarfi ya mayar da fuskarsa ta kullum. "Yau ina tsaye kusa da ita ta tsaya. Ba ta yi ko tari ba. Su ja. Amma a gaya musu, ba fizga ba, ba wasa ba, kuma a wanke hannu."

"Igiya ce, Eli, ba tagullarka ba," in ji Keziah.

"A wanke dai!"

Ran Litinin Hephzibah Nuttall ce ta fara, da ido a rufe, Dorcas na riƙe da ƙugunta kamar za a cire mata haƙori. Da Adelaide ta tsaya sai ta buɗe ido ta dubi tafin hannunta, ta ce, "Shi ke nan?" Ɗakin ya ɗauki shewa. Kafin sanyi ya shigo an fara faɗa a kan layi. Wadda ta yi rashin lafiya ranar nata sai ta dawo tana neman a rama mata. Amarya akan ba ta ja a satin bikinta, wadda za ta bar aiki ita ke ja a ranarta ta ƙarshe, har tsofaffi suka fara cewa ai haka ake yi tun da. Mu mutanen Marlden ba ma son sabon abu, amma in ya kwana biyu a hannunmu sai mu rantse kakanninmu ne suka bar mana.

Masu masaƙu daga garuruwan kwarin suka riƙa zuwa kallo, shagon gindin gada ya yi kaɗan, Enoch ya ɗauki ma'aikata ya koma babban wuri a bakin rafi. Amma bai taɓa sayar wa kowa waya da igiya ba sai ya yi alkawarin al'adar sha biyun. Wani attajiri ya ce shi ƙarfe ya zo saya ba wa'azi ba, Enoch ya raka shi har ƙofa ya miƙa masa hularsa. Keziah kuwa ta daina zagayawa ta bayan maƙabarta. A bakin ƙofar masaƙar ta kafa teburin fankenta, tana sayarwa tana zagin masu neman ragi.

Wata safiya da bazara, Enoch yana sunkuye a kan aiki da zarto a hannu, sai ya ji wani abu ya ɓace. Gurnanin Adelaide ne, wanda duk ɗan garin ke ji a tafin ƙafarsa ko bai lura ba. Ya dubi agogo. Sha biyu da saura nisa.

Bai san lokacin da ya fita ba. Ya haye gada a guje, ga tumbi ya fara, ga gwiwa ba irin ta da ba, doguwar hular ta faɗa rafi bai waiwaya ba. Ya shiga ƙofar masaƙar, ya wuce teburin fanke ba kowa a kai, ya keta tsakar gida, ya ratsa ɗakin auduga, ya kama matakala yana hawa yana roƙon Allah. Hanyar nan ce dai ta ranar Talata, sai dai yau hawa yake ba sauka ba.

Tun kafin ya kai sama ya ji hayaniya, kuma ba kuka ba ne.

"Ni na ja!"

"Ƙarya kike, Dorcas, hannuna ne a sama, naki a kan nawa ya sauka!"

"To igiyar layinmu fa, ita ta ja kanta?"

Mata huɗu ne ko biyar, kowacce na rantsuwa ita ce ta fara, Absalom Tattersall na ƙoƙarin raba su da kafaɗarsa karkatacciya. A ƙasa, jingine da injinta, Selina Ogden ce zaune, amaryar da ta ja igiyar bikinta watan jiya. Hannun rigarta ya yage har kafaɗa, sauran yadin na maƙale a bel can sama. Fatar damtsenta ta kuje tana tsattsafo da jini. Keziah na durƙushe a gabanta, ta riƙe mata hannun dama da nata na hagu, tana lanƙwasa yatsun ɗaya bayan ɗaya.

"Motsa wannan. Yawwa. Wannan fa? Matse ni. Da ƙarfi mana, ba mijinki ba ne ni."

Selina ta matse, ta fashe da kuka da dariya a haɗe. Keziah ba ta saki hannun ba. Ta ɗago ta ga ƙaninta a bakin ƙofa, ba hula, fuska ja wur, ya dafe bango yana neman numfashi. Idonta ya ciko, amma bakin nan nata bai canja ba.

"Ka makara, Enoch," in ji ta. "An gama tun kana gada. Zauna ka huta, ba mai jiran gudunka kuma."

Ya zauna a kan matakalar, ya rufe fuska da hannuwansa masu baƙin mai, ya yi kuka a gaban matan ɗakin duka bai ji kunya ba. Daga ƙasa aka jiyo Eli yana ƙwala kira, yana tambaya ko an cire yarinyar daga hanya, don shi yana da mata da zai tayar.